Maganin da ke riƙe ciwo, da maganar ajali

Akwai wani ƙari da ke fitowa a bangon tumbi ko na hanji, likitoci na ce masa GIST. Ba kasafai ake samunsa ba. A da, in ya bazu ya kama hanta, magana ta ƙare, don ba ya jin ƙarin ruwan ciwon daji da aka saba yi. A 1998 Seiichi Hirota da abokan aikinsa a Japan suka gano tushen abin: wani sinadari mai suna KIT, wanda ke sa ƙwayar halitta ta hayayyafa, yakan maƙale a kunne, kamar makunnin fitilar da aka kasa kashewa. A watan Maris na 2000, Dakta Heikki Joensuu na Helsinki ya ɗora wata mata mai shekara 50 a kan ƙwayar imatinib, miligiram 400 kullum. Cikin makonni ƙarin hantarta ya soma motsewa.

Sai dai ƙwayar danne ciwon take yi, ba ta tumɓuke shi. Da na kawo wannan labari a majalisa, wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce: "Ɗana, abin da bai warkar ba, ai ja-in-ja da ajali ne kawai."

Na ce, Baba, a gafarce ni, ban yarda ba. Wa ya leƙa ya ga ajalin? Mai shan ƙwayar nan, in ya ƙara shekaru, tun fil'azal suna cikin rabonsa, ƙwayar ma tana cikin rabon. Wanda ya ƙaddara kwanakin Shi ya ƙaddara sanadinsu. Kuma ba kwanakin banza ba ne. A cikinsu mutum ke aurar da 'yarsa, ya biya bashi, ya nemi gafarar ɗan'uwan da suka daɗe ba sa ga maciji, ya ƙara riskar watan azumi. Ni ban san da wane ma'auni za a raina irin wannan jinkiri ba.

Gaskiya ne, a wurin marasa lafiya da yawa ƙarin yakan sauya bayan kamar shekara biyu, ya daina jin maganin. Shi ya sa aka kawo wasu magungunan: sunitinib a 2006, regorafenib a 2013.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda muke lulluɓe rashin kuɗi da rigar ƙaddara. Talakan da ya mutu don ƙwayar ta fi ƙarfinsa, ajalinsa ne, haka ne, amma wannan bai wanke masu hali da masu mulki ba.

Ga masu halin samun maganin kuma, akwai gargaɗi: likitocin Faransa sun gwada tsayar da imatinib ga waɗanda suka samu sauƙi, ciwon ya dawo wa mafi yawansu. Saboda haka, mai jinya da danginsa, kada jin sauƙi ko maganar wani ta sa ku ajiye ƙwayar ba da sanin likita ba.