Cikin Batir Gaibu Ne?

Da hunturun bana batirin wayata ya kumbura a wani shagon cajin sola a Dutsi. Mai shagon ya jujjuya shi a tafin hannu, ya ce, "Malam, cikin batir gaibu ne, sai Allah." Maganar ta bi ni har gida.

Ni dai ban yarda ba. Idan aka matsa wa batir caji, musamman da sanyi, sinadarin lithiyam da ke cikinsa ba ya samun shiga girafait, ma'ajiyarsa a batirin, sai ya taru a kansa ya zama ƙarfe, ya yi tsiro kamar ƙaya, har ya iya ta da wuta. A 2010 Farfesa Clare Grey da abokan aikinta sun sa batir cikin na'urar maganaɗisu, dangin MRI na asibiti, suna cajinsa suna auna amsar ƙwayoyin lithiyam. Amsar wanda ya zama ƙarfe daban take.

Gaibu shi ne abin da Allah Ya keɓe wa kanSa, kamar lokacin tashin Alƙiyama. Cikin batir kuwa a rufe kawai yake, kuma Shi Ya ba mu hankalin bincikensa.

Ɗan'uwa mai shago, batirin da ya kumbura, don Allah kada ka sake jona shi.