HAƘƘIN WANDA HAƊARIN MOTA YA RUTSA DA SHI

Abin takaici ne a ce mota ta faɗi, mutane na kwance jina-jina, jama'a kuwa su yi cirko-cirko suna salati, wasu ma suna ɗaukar hoto da waya, ba mai miƙa hannu.

To, a sani ceton rai farilla ce ta kifaya. Idan wasu sun yi, ta sauka a kan saura. Idan kowa ya ƙi, duk wanda ya gani kuma yake da iko ya yi zunubi. In kuwa mutum shi kaɗai ya tarar da abin, ta zama farillar aini a kansa, ko da salla yake yi sai ya yanke ta. Aya ta 32 cikin Suratul Ma'ida ta daidaita ceton rai guda da ceton mutane baki ɗaya. Malaman Malikiyya ma sun ɗora lamuni a kan wanda ke iya kuɓutar da rai ko dukiya ya ƙi, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shehu Halilu.

Amma taimako ba da sani ba yakan ƙara ɓarna. Farkon abin yi shi ne a sa alama nesa kan hanya domin kada wata motar ta afko, a kashe inji, a nisantar da taba da ashana, sannan a kira Hukumar Kiyaye Haɗurra a lamba 122. Mai zubar jini a danne raunin da tsabtataccen ƙyalle, kada a saki. Wanda ake zaton wuyansa ko bayansa ya karye kada a fizgo shi, sai fa in wuta ake tsoro, gama jan ƙarfi yakan shanye masa ƙafafu har abada. Wanda ya suma kada a ɗura masa ruwa, domin yakan bi ta hanyar numfashi ya shaƙe shi. Mace kuwa ba a barinta ta halaka don babu muharraminta a wurin. Lalura ta halatta wa namiji ya ɗauke ta, a dai suturta al'aurarta. Asibiti ma, bisa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, ba shi da ikon ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Kayan da suka warwatse amana ne, masu su suna raye ko sun cika, gama na mamaci haƙƙin magada ne. Kwasar man tankar da ta faɗi cin dukiyar wani ne, kuma jefa kai ne ga halaka: a Majiya ta Jihar Jigawa, cikin Oktoba 2024, mutum fiye da 150 suka ƙone a irin wannan hali.

Wanda aka ga alamar ajali a tare da shi, a laƙana masa kalmar shahada a hankali, ba tare da matsa masa ba. In ya cika, a rufe masa idanu, a lulluɓe shi. Ana yi masa wanka da salla kamar kowane mamaci.