Baiwa Ce Ko Naci?

Idan gwanin makaɗi ya rataya kalangu ya fara taɓawa, jama'a su kan ce, "Kai, wannan baiwa ce." Waɗansu su ce gado ne, waɗansu ma har su ce aljanu ke ba shi. Ba mai musun baiwa, gama Allah bai yi wa mutane murya ɗaya ko kunne ɗaya ba. Amma akwai abin dubawa cikin maganar nan, domin sau da yawa rago ya fi kowa saurin faɗinta. In ya ce baiwa ce, ya huta ke nan, ba sauran abin da za a tambaye shi.

A dubi yadda yaro ya ke tashi a gidan makaɗa. Ba a miƙa masa babban abin kiɗa ran farko. Kaya ya ke ɗauka, ya bi manya gidan biki ko wurin gayya. In an ga ya natsu, sa'an nan a ba shi ɗan kanzagi, ya yi ta bugun abu guda ba sauyi, ubangidansa kuwa yana juya kiɗa yadda ya ga dama. Wajen waƙa ma haka ne, sai ya daɗe cikin 'yan amshi, yana maimaita abin da wani ya shirya. Mai gaggawa ya kan ga kamar ɓata lokaci ne, alhali kuwa nan ne a ke gyara masa kunne, ya san inda a ke shiga da inda a ke yin shiru. Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a ƙasar Bakura cikin 1909, ya rasu cikin 1991, ta nan ya bi. Tun yana yaro ya ke bin mahaifinsa kiɗan noma yana amshi, kafin ya zama makaɗin sarakuna.

Gado kuwa ba sharaɗi ba ne. Mamman Shata, haifaffen Musawa cikin 1923, ba ɗan gidan makaɗa ba ne, mahaifinsa ma bai so ya yi waƙa ba, amma ya shekara fiye da 50 yana yi, har rasuwarsa cikin 1999. Ba kuma tsadar kaya ba ce: kuntigin Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya gare shi.

To, amma naci ma iri biyu ne, nan ne kuwa maganar ta ke da nauyi. Akwai mai koyon da zai wuni yana kiɗa, amma abin da ya riga ya iya shi ya ke ta maimaitawa, don shi ke masa daɗi a kunne. In ya zo wurin da hannunsa ke sarƙewa, sai ya yi sauri ya wuce, kamar mai bin bashi ne ya hango. Wannan ko ya shekara goma yana nan inda ya ke, kuskurensa ma ya ƙara zaunawa a hannu. Ɗayan kuwa wurin sarƙewar nan ya ke nema. Kalangu, ga misali, ba bugu kaɗai ya ke so ba. Sai an matse tsirkiyoyinsa a hammata murya ta hau, a sassauta ta sauko, har ya faɗi taken mutum kamar da baki. In matsi ya riga bugu ko ya makara, magana ta ɓaci. Mai koyo na ƙwarai sai ya ware gaɓar nan ita kaɗai, ya yi ta a hankali ƙwarai, ya sake, ya sake, sai ta zauna kana ya ƙara sauri.

Duk wanda ya zauna makarantar allo ya san wannan. Malam ba ya barin almajiri ya wanke allonsa yana gargada, mahaddaci kuwa wuraren da ayoyi su ka yi kama da juna ya fi yi wa bita, don nan ne a ke zamewa. Kuma kaɗan kullum ya fi mai yawa ran Juma'a kaɗai, domin hannu yana da mantuwa.

Saura abu guda mai ɗaci, watau karɓar gyara. 'Yan biki su kan yi wa yaro kari su yi guɗa ko da kiɗansa bai nuna ba, gama murna ta kawo su, ba awo ba. Yaron da ya ɗauki guɗar nan a bakin shaida ya kan fara jin haushin ubangidansa in ya ce masa, "Sake, ba ka yi daidai ba." Daga nan sai ya ware ya kafa nasa tun bai isa ba, ya sami na goro shekara biyu ko uku, sa'an nan a daina kiransa.

A zamanin yanzu mai koyo ya sami abin da na dā ba su samu ba, domin wayar hannu tana ɗaukar murya. Yana iya ɗaukar kiɗansa da dare, da safe ya saurara kamar na wani ne. Da yawa su kan ɗauka don su aika wa abokai. Kaɗan ne ke komawa su nemi inda hammata ta makara.