Tawakkali a Ƙarƙashin Teku: Kayan Nutso, Horo da Haƙƙin Rai

Nutso da tukunyar iska, wanda aka fi sani da sukuba, bai daɗe a duniya ba. A shekarar 1943 ne wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau, hafsan sojan ruwa, da injiniya Emile Gagnan, suka ƙera na'urar da ke ba mutum iska a duk lokacin da ya ja numfashi, gwargwadon nauyin ruwan da ke kansa. Tun daga nan ɗan Adam ya sami sauƙin yawo a ƙarƙashin teku ba tare da wata mesa ta haɗa shi da jirgi ba. A yau ana koyar da wannan fanni a garuruwan Masar na gaɓar Bahar Maliya, irin su Dahab da Hurghada, kuma wanda ya gama kwas ɗin farko yakan rasa inda zai sa kuɗinsa, ko a sayen kaya ko a ƙarin horo. A fili maganar aljihu ce, amma tana taɓa wata tsohuwar mas'ala da malamai suka daɗe suna tattaunawa: iyakar da ke tsakanin dogaro ga Allah da riƙon sababi, da haƙƙin da rai yake da shi a kan mai shi.

Halaccin shiga ruwan ne farkon abin dubawa. Alƙur'ani ya ambaci masu nutso cikin waɗanda aka hore wa Annabi Sulaiman, a Suratul Anbiya da Suratu Sad, ya kuma sanya kayan adon da ake cirowa daga teku cikin ni'imomin Allah. Mutanen Bahrain da Kuwaiti da Qatar sun yi ƙarnoni suna cin abinci da nutson lu'ulu'u, har zuwa shekarun 1930 da lu'ulu'un da Japan ke rainowa ya karya musu kasuwa. Asalin al'amuran duniya halacci ne, haɗari ne kawai zai iya sauya hukuncin, domin aya ta 195 ta Suratul Baƙara ta hana jefa kai cikin halaka, kuma kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a biyar da Imam Gazali da Shaɗibi suka fayyace. Ma'aunin da malaman fiƙihu suka kafa game da teku shi ne rinjaye. Muhtasar na Halil, wanda ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato, ya ɗauki tafiya Hajji ta teku daidai da ta tudu, matuƙar ba halaka ce ta fi rinjaye ba. Shari'a ba ta shardanta gushewar haɗari kwata-kwata ba, don da haka ne da ba wanda zai hau mota.

Sai dai a harkar nutso, wannan rinjaye ya fi rataya a kan mai shiga ruwan fiye da ruwan kansa. Kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara wa jiki matsi daidai da na dukkan iskar da ke kan mutum a doron ƙasa. A zurfin mita 10 iska takan tsuke zuwa rabin girmanta, a mita 30 kuma zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda ya cika huhunsa a ƙasa, ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta kumbura a cikinsa har ta iya yaga huhun, ko da kuwa tasowar 'yan mitoci ce. Tukunyar da za ta kai mutum awa guda a saman ruwa, kusan kwata ɗaya za ta yi masa a mita 30. Ga kuma naitirojin, wadda ita ce kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa. A ƙarƙashin matsi tana narkewa cikin jini da tsoka, idan aka taso da gaggawa sai ta yi kumfa kamar lemon kwalba da aka ɓalle wa marfi, ta jawo ciwon gaɓoɓi ko shanyewar jiki ko mutuwa. Bafaranshe Paul Bert ya bayyana sanadin wannan cuta a 1878, sannan John Scott Haldane ya tsara wa sojan ruwan Birtaniya jadawalin tasowa daki-daki a 1908. Daga irin wannan bincike aka samo dokokin da ake ɗora wa ɗalibi: ya taso a hankali, ya dakata minti 3 a zurfin mita 5, ya fito da ragowar iska kamar ma'aunin matsi 50 daga 200 da aka cika masa, kuma kada ya hau jirgin sama sai bayan awa 12 zuwa 18. Ruwan da ya zama wurin shaƙatawa ga wanda ya san waɗannan, kabari ne ga wanda bai sani ba. Tun da abin da wajibi ba ya cika sai da shi shi ma wajibi ne, koyon su ya zama tilas a kan duk mai niyyar nutso.

A cikin littafinsa Ihya'u, a babin tauhidi da tawakkali, Gazali ya kasa sabubba gida uku: tabbatattu, kamar ruwa ga mai ƙishi, da waɗanda ake kyautata zaton amfaninsu, kamar shan magani, da waɗanda wahami ne kurum. Ya nuna cewa barin tabbataccen sababi ba tawakkali ba ne, haramun ne ma idan ana tsoron mutuwa. Wannan rabo ya zauna daram a kan kayan nutso. Tukunya mai tsabtatacciyar iska, da regileta, wato na'urar da ke ba mutum iska, mai lafiya, da agogon da ke nuna ragowar iska, tabbatattun sabubba ne, shiga ruwa da lalatacce a cikinsu ganganci ne. Kwamfutar hannu mai lissafa zurfi da lokaci, da rigar roba mai kaurin da ya dace da sanyin wurin, tun da ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu, suna cikin waɗanda mai hankali ba ya sakaci da su. Gida na uku kuwa shi ne inda kuɗin sabon shiga ya fi tafiya: sunan kamfani, da launi, da ƙatuwar wuƙa, da kayan da aka ƙera don kogo ko ruwan ƙanƙara alhali shi iyakarsa gaɓar Dahab. Sayen su ba zunubi ba ne ga mai hali, illarsu ita ce sukan sa mai su ya ji kamar ya sayi ƙwarewa.

Shi ya sa shawarar da masu koyarwa suka fi bayarwa take da sauƙi. A fara da gilashin fuska wanda ya kama fuska ba ya yoyo, da takalman iyo daidai ƙafa, domin waɗannan ba a dacewa da na haya ko yaushe. Sai kwamfuta, don ita ce ke riƙe da lissafin naitirojin na jikin mutum ɗaya, ba a yin karɓa-karɓa da ita a yini guda. Regileta da falmaran mai iska ana iya hayarsu har sai mutum ya san irin ruwan da zai riƙa shiga, tukunya da ɗamarar dalma kuwa matafiyi bai cika buƙatar mallakarsu ba. Wanda ya sayi regileta ta hannu, dole ya kai ta wurin gwani a kwance ta a duba kafin ya ɗora ransa a kanta. Mai ba da haya shi ma amana ce a wuyansa, ɓoye aibin kayan da rai ya dogara a kansu ya wuce algus na kasuwa.

Batun horo ya fi wannan zurfi. Ƙungiyoyin da ke ba da shaida, irin su BSAC ta Birtaniya da aka kafa a 1953, da CMAS a 1959, da PADI ta Amurka a 1966, sun tsara matakai. A tsarin PADI, kwas ɗin farko yana ƙarewa da nutso huɗu a buɗaɗɗen ruwa, ya ba da izinin mita 18. Na biyu, bayan nutso biyar kacal, yana kai mutum mita 30, iyakar nutson shaƙatawa kuwa mita 40 ce. Ke nan cikin mako guda mutum zai iya riƙe katin da ya halatta masa zurfin da jikinsa bai saba da shi ba. Katin izini ne, ba ya sa hannu ya daina rawa idan gilashi ya cika da ruwa. Abin da ya fi amfanar sabon shiga shi ne yawan shiga ruwa mara zurfi har ya iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa, ba ya nutsewa ba ya tasowa, yana sarrafa kansa da numfashi. Wanda ya iya wannan ba ya ɓarnar iska, ba ya kuma farfasa murjani da ƙafa, halittar da takan ɗauki shekaru kafin ta yi tsawon ɗan yatsa.

Kwas ɗin ceto kuwa yana da wani matsayi na daban, domin yana karkata hankalin ɗalibi daga ransa zuwa ran ɗan'uwansa. Ba a nutson shaƙatawa a kaɗaice, kuma bututun numfashi na biyu, wanda galibi ake yi rawaya, an tanade shi ne don abokin da iskarsa ta ƙare. Masu nutson lu'ulu'u na da ma haka suke, kowanne yana da mai riƙe masa igiya a cikin jirgi. Malaman fiƙihu sun wajabta ceton wanda ruwa zai ci a kan mai iko, har da yanke salla saboda shi. Ikon nan kuwa koyonsa ake yi, don wanda ya firgita a ruwa yakan danne mai cetonsa su tafi tare.

Akwai hanyoyi biyu da mai nutso ke kauce wa tawakkali na gaskiya, kuma ramin Blue Hole da ke arewa da Dahab ya shaida duka biyun. Ramin ya kai zurfin kimanin mita 100, yana da wata ƙofa a wajen mita 55 da ke ɓullewa zuwa buɗaɗɗen teku. Tun daga wajen mita 30 naitirojin takan fara sa maye, mutum ya ji daɗi da ƙarfin hali a daidai lokacin da hankalinsa ke raguwa. Mutane da yawa sun mutu wajen neman ƙofar nan da tukunya ɗaya ta iskar yau da kullum, a zurfin da ke buƙatar iska mai haɗin hiliyam da horo na musamman. Wasu kayansu ne suka ruɗe su, wannan shi ne gururin da Gazali ya ware wa babi guda. Wasu kuma sukan fake da cewa ajali ba ya wuce lokacinsa. Maganar gaskiya ce, amma ba a kafa hujja da ita don sakaci. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara, kuma Sayyadina Umar ya juya daga hanyar Sham lokacin annoba, ya nuna wa Abu Ubaida cewa juyawar ma cikin ƙaddara take. Masu nutso suna da ƙa'ida mai kama da haka: kowa yana da damar fasa nutso a kowane lokaci, ba sai ya ba da dalili ba, kuma ba a yi masa gori.

Riƙon sababi yana farawa ne tun kafin a taɓa ruwa. Kowace makarantar nutso ta ƙwarai tana ba ɗalibi takardar tambayoyin lafiya, kuma mai asma ko farfaɗiya ko ciwon zuciya sai likita ya duba shi tukuna. Mace mai ciki ba ta nutso, mai mura ma yakan haƙura, domin toshewar hanci tana hana daidaita matsin kunne har ta iya fasa dodonsa. Wanda ya ɓoye ciwonsa a takardar nan don kada kuɗin tafiyarsa ya tafi a banza ya yi ƙarya, ya kuma saka ran abokin nutsonsa da na malaminsa cikin haɗarin da ba su sani ba balle su yarda da shi.