Man da Ke Ɗaga Jirgi Shi Ke Cin Fiffikensa

A Yashe, inda hanyar Funtuwa take haɗuwa da babbar hanyar Kano zuwa Katsina, da sauran garuruwan ƙasar Kusada da Kankiya, da zarar an girbe dawa sai yara su buɗe masana'anta a bakin gona. Su fere bawon kara, su yanka totuwa gunduwa-gunduwa, su soka wannan cikin wancan, kafin la'asar mota ta fito, wani lokaci har da jirgin sama mai farfela. Jirgin kara dai a hannu yake tashi, da gudun mai shi da ƙarar bakinsa. To amma akwai mutane a duniya, wasunsu har da furfura, waɗanda ba su taɓa barin wannan wasa ba. Sun kai shi inda jirgin yake tashi da kansa, da ɗan inji wanda bai fi dunƙulen hannu ba, mai shi yana tsaye a ƙasa yana sarrafa shi da rimot. Yanzu da yawa sun koma batir, amma masu injin mai suna nan, kuma a aikinsu akwai wani mataki da ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau.

Ƙashin jirgin da wani katako ake yin sa mai suna balsa, wanda akasari daga Ikwado ta Kudancin Amurka ake kawo shi. Rashin nauyinsa abin mamaki ne, farce ma yana lotsa shi. A kan wannan ƙashi ake shimfiɗa ƙyalle marar kauri a manne gefunansa. In yadin foliyesta ne, da dutsen guga ake ɗame shi. In siliki ne, sai a ɗauko wani ruwa mai kauri da ƙarfin wari da ake kira dof, a sirka shi da tina, a shafa da buroshi. Shafar farko ƙyallen ya shanye ta, ya yi duhu, har ya ɗan saki, mutum ya zaci aikin ya lalace. Can sai tina ta tashi, dof ya fara janyewa, yana jan kowane zare tare da shi. Yamutsewar ta ɓace, haƙarƙarin fiffiken ya fito ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin ƙyallen, in an ƙwanƙwasa da yatsa sai ya amsa. A bari ya bushe, a goga da samfefa mai laushi, a sake shafawa, har ƙofofin saƙar su toshe iska ta daina ratsawa. Dabarar ba ta 'yan wasa ba ce kaɗai. Jirage uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Helwan kusa da Alƙahira, suka sauka Kano ran 1 ga Nuwamba 1925 ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, samfurin DH.9A ne, kuma fikafikansu katako ne da ƙyalle da dof. Da wannan shafe suka ratso Sudan da Chadi.

Wanda ya ga wannan abu marar nauyi zai ce abokin gabansa iska ce, ko ruwan sama, ko ƙasar da yake faɗowa a kai. Duk suna yi masa ɓarna. Amma wanda ya daɗe yana ƙera su, abin da ya fi tsoro yana cikin tankin jirgin.

Man da injin yake sha haɗin abu uku ne. Mafi yawansa metanol ne, wani sifirit mai guba. Sai naitirometan, kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari a jiragen yau da kullum, wanda ke ƙara wa injin kuzari. Sai kusan kashi ɗaya cikin biyar, man da ke hana ƙarafa cin juna. Tun asali man zurma ne, cika-gidan nan da ke fitowa da kanta a juji da bayan katanga ba wanda ya shuka ta, ko da yake yanzu akan gauraya shi da na masana'anta. Injin irin na ƙaramin janareto ne wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai a galan ɗaya: ba shi da wurin ajiye mai daban, sai dai man ya bi ta ciki ya fice. Metanol ya ƙone, man zurma kuwa yawancinsa ba ya ƙonewa. Ya shafi fistan, ya ɗebi zafi, ya fita ta salansa, farfela mai juyawa fiye da sau 10,000 a minti ta watsa shi baya, a kan jikin jirgin kansa. Tashin minti goma ya isa a ga gefen jirgin yana naso tun daga hanci har wutsiya. Matuƙa da yawa a Yaƙin Duniya na Ɗaya sun sha wannan feshi a fuska, don injinansu ma da man zurma suke aiki.

Ɓarnar a hankali take zuwa. Naitirometan yana narkar da fenti marar ƙarfi ya mayar da shi danƙo. Man kuwa ba ya gaggawa. Yana bin saƙar ƙyalle zare-zare, yana neman bakin da bai manne sosai ba, ko ramin noti, ko wurin da ƙafar taya ta shiga jiki. Da ya isa ga balsa sai katakon ya sha. Wata da watanni jirgin yana tashi lafiya, yana ƙyalli a rana, alhali daga ciki itacen ya yi duhu, ya yi laushi, ya ƙara nauyi. Ranar da za a gane, ƙyallen ya fara ɓanɓarewa daga baki, ko allon da aka ɗaure injin a kai ya fara motsi. A kawo gam a shafa, ya ƙi, domin gam ba ya kama itacen da ya sha mai.

Mai saurin tunani zai ce a cire man da ke hana ƙarafa cin juna mana a huta. In aka cire, injin zai yi zafi ya cije. Abin da ke cin jirgin shi ne ke riƙe da shi a sama. Saboda haka masu ƙira ba su cire man ba, jikin suka shirya masa.

Dof iri biyu ne. Na naitiret yana kama ƙyalle da katako sosai, amma ba ya jure man inji. Na butiret yana jurewa daidai gwargwado, amma kamunsa bai kai na farkon ba. Don haka naitiret a ƙasa, butiret a sama, ba a juyawa. Hancin jirgi da ɗakin da tanki ke zama ana shafe su da gam mai haɗi biyu irin Araldite, wanda aka sirka da sifirit don ya ratsa itacen. Bayan launi da ado, sai a bi duka da ruwa garau marar launi, butiret ko foliyuretan, ko irin wanda masu fentin mota ke fesawa a ƙarshen aiki, wanda tururinsa ke illa ga huhu ƙwarai. Mai hankali yakan gwada a kan guntun ƙyalle tukuna, ya shafa, ya bari, ya ɗiga mai ya ga abin da zai faru. Kuma ba a kusantar da mai sai shafen ya yi mako ɗaya ko biyu, ko da tun ranar farko ya daina kama yatsa. Yanayi ma yana da tasa: da damina laima takan sa dof ya yi fari-fari, da hunturu kuma ƙura ta sauka ta manne.

Abin lura shi ne yadda Allah ya zuba ƙarfin abu da cutarsa a tanki ɗaya, kuma haka yake ga ɗan Adam ma. Ɗan kasuwar da ya tashi daga tallan goro a tasha har ya mallaki shago, me ya ɗaga shi? Wayo, da taurin ciniki, da ƙin yarda a cuce shi ko da naira ɗaya. Ba wanda zai ce ya bar su, in ya bari kasuwar ta tsaya. Amma ba duka ke ƙonewa a kasuwa ba. Ragowar tana fita ta baya, baya kuwa nan ne gida. Sai ga shi yana ciniki da matarsa a kan kuɗin cefane, yana lissafi da ƙannensa a kan gonar gado sai ka ce baƙi ne suka zo saye. Malamin da kaifin hujja ya tara wa ɗalibai, wannan kaifin ne wata rana ke hana shi cewa "ban sani ba". An saba tsare yara daga abin da ke waje, mugun aboki da waya da birni, kuma daidai ne. Amma da wuya uba ya dubi baiwar ɗansa ya ce nan ma akwai abin tsoro. Yaron da ya fi kowa ƙwaƙwalwa a aji shi aka fi sakar wa mara, don kowa ya shagala da kallon tashinsa. Da ɗan gari akan ci gari.

Abin da ke tsare jirgin kuwa ba shi da launi. 'Yan kallo za su yaba ja da rawaya da lambar da aka zana a fiffike, ba wanda zai ce madalla da shafen ƙarshe, don in an yi shi daidai ba a ganinsa. Kunya da gaskiya da tsoron Allah haka suke zama a jikin mutum. Ba sa canza kamanninsa, ba sa ƙara masa gudu, hasali ma suna ɗan ƙara masa nauyi. Kuma siriri-siriri ake shafa su, a bari ya bushe a sake. Yau uwa ta ce, "Kai, ba a miƙa wa babba abu da hagu." Gobe kaka ta ce, "Maigidana, koma ka mayar masa da canjinsa, ba naka ba ne." Kowace magana ita kaɗai ba ta kai komai ba. Uban da ya ga ya makara, ya zo zai juye gwangwani guda rana ɗaya da tsawa da bulala, masu jirgi sun san ƙarshen wannan aiki: shafe mai kauri yana ja har ya karkata fiffike, ko ya yi nauyin da jirgi zai yi ta gudu a ƙasa ya kasa ɗagawa. Shafen da ke kamu shi ne a ƙasa. Yaron da bai shaƙu da mutum ba, tsananinsa ba zai zauna a jikinsa ba.

Wurin da ya fi ban tausayi shi ne ɗakin tanki. Da an rufe shi ido ba zai sake gani ba, saboda haka nan ne rago yake tsallakewa, kuma nan ne mai yake ɗiga ya kwanta. Mutum ma yana da irin wannan ɗaki, inda kuɗin amana ke kwana a hannunsa ba shaida, inda niyyarsa take. Mai wanke waje ya bar nan, sai ya yi shekaru ana yaba masa, yana rubewa a inda injinsa yake ɗaure.

In itace ya riga ya sha, ba a fid da rai. Akan ɓare ƙyallen, a barbaɗa garin sitati a wurin, a bari ya kwana ya tsotsi mai, a kakkaɓe, a ɗora takarda a bi da dutsen guga mai ɗumi, a yi ta maimaitawa har takardar ta daina naso. Wani lokaci hakan ya isa. Sau da yawa kuwa sai an sa wuƙa an yanke duk inda ya yi duhu an dasa sabon itace, kuma yankan sai ya ɗan wuce iyakar da ido ke gani, don mai yakan yi nisa kafin launinsa ya nuna. Dattijon da ya farga bayan furfura, ya tashi ya je ƙofar ƙanensa da suka yi shekaru ba sa gaisawa, ya mayar da gefen gonar da ya ci, shi ya san zafin wannan yanka. Jirgin da aka gyara haka yana sake tashi, sai dai nauyinsa ya sauya wuri. Dole a ɗora shi a kan yatsu biyu ta ƙarƙashin fiffike a gwada, a ƙara ɗan darma a hanci ko a wutsiya, kafin a tayar da injin.