Shaida Biyar Ta Isa Hukunci?

'Yan makaranta, ga wata tambaya da mu ke so ku auna. In abu ya zo daidai sau biyar a jere, ya halatta mu ce kullum haka zai zo? Za mu nemi amsa daga wajen lissafi.

Kun san akwai lambobin da ba abin da ke raba su ba saura, sai 1 da su kansu, kamar 3 da 5 da 7. Mu kira su gagara-rabo. Sauran kuwa, kamar 15, watau 3 sau 5, masu rabuwa ne.

To, a shekarar 1640 wani lauya a Faransa, Pierre de Fermat, gwanin lissafi ƙwarai, ya ɗauki 2 ya buga ta sau kanta, ya sami 4. Ya buga 4 sau 4, 16. Haka ya yi ta yi, ya sami 256, sa'an nan 65,536. Ko wace ya ƙara mata 1, ga su: 3, 5, 17, 257, 65,537. Dukansu biyar gagara-rabo ne. Sai ya ce lalle duk waɗanda za su biyo baya haka su ke. Ta shida ita ce 4,294,967,297. Girmanta ya sa aka daɗe ba wanda ya ƙure maganar.

Sai a 1732, shekarar da Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Bakatsine ya rubuta littafinsa na lissafin hatimi, wani masani mutumin Suwizalan, Leonhard Euler, ya nuna ashe lambar nan 641 ce sau 6,700,417. Ku ɗauki alli ku buga, za ku ga ba ta bar ko ɗaya ba. Daga baya kuma ya bayyana cewa duk abin da zai raba ta, dole ya zama ninkin 64 da ɗoriyar 1. Ga shi kuwa 641 ita ce 64 sau 10, a ƙara 1. Har yau ba a sami gagara-rabo ta shida ba cikin jerin nan.

Kada ku ce wannan zancen allo ne kurum. Ku leƙa majemun Challawa da Sharada a Kano. Mai sayen fata in ya buɗe ɗauri ya duba biyar na sama ya biya kuɗin duka, mai rubewa na can ƙasa tana jiransa. Mai duba yadi a masaƙa, irin waɗanda aka kafa a Bompai, in ya warware kamu biyar ya sa hannu, ramin da ke tsakiyar bandir sai ya kai kasuwar Kwari ya zubar da mutuncin masaƙar. Mai shan ruwan kogin da dattin jima ke zuba ciki, don ya sha sau biyar bai kwanta ba, wannan bai wanke ruwan ba.

Amma mu yi wa Fermat adalci. Cikin wasiƙarsa ta 1640 ya faɗa da bakinsa cewa bai sami cikakkiyar hujja ba. Watau ya raba zato da sani. Kuskure ya yi, bai yi ƙarya ba. Mai laifi shi ne wanda ya sayar wa jama'a zatonsa da sunan tabbas, ko ya yanke wa kabila guda hukunci don ya zauna da mutum biyar daga cikinta.

Saboda haka shaida biyar ta isa ta sa mu zato, ta kuma sa mu bincike, amma ba ta isa hukunci ba. In malaminku ya tambaye ku abin da ba ku gwada ba, ku ce, "Muna zato." In kun gwada har ƙarshe kamar Euler, sa'an nan ku ce, "Mun sani."