Idan Abu Ya Motsa Ba Hannu, Na Wa Ne Aikin?

Teburin kwamfuta mai maganaɗisu tebur ne da aka mai da samansa allon kwamfuta, aka jera ƙananan maganaɗisu masu aiki da lantarki a ƙarƙashinsa. A kansa ake ɗora abubuwan da hannu ke kamawa, kamar maɓalli ko abin murɗawa. Hiroshi Ishii na jami'ar MIT a Amurka ya shimfiɗa tunanin sarrafa kwamfuta da abubuwan da hannu ke kamawa a 1997, masu bincike a Aachen ta Jamus kuma suka nuna irin wannan tebur a 2010. Mutum yana motsa abin, kwamfuta ta fahimta; ita ma tana motsa shi, mutum ya ji a yatsunsa.

Amfaninsa a fili yake. Makaho zai laluba ya gane abin da allon gilashi ke ɓoye masa. Ɗaliban injiniya, irin na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda tun 1983, za su iya taruwa kan tebur ɗaya su gwada na'ura kafin a ƙera ta. Da za a ajiye tebur ɗaya a Shinkafi, ɗaya a Zurmi, mutum biyu za su buga dara: wannan ya matsa ɗansa, a can kuma ɗan ya ja jiki zuwa gurbinsa ba wanda ya taɓa shi.

A nan tambaya take: wa ya motsa ɗan darar?

Ilimin tauhidi da ake karantawa a zauruka ya daɗe da amsa rabinta. Shehu Sanusi, mai Ummul Barahin, wanda ya rasu a 1490, ya koyar da cewa haɗuwar wuta da ƙuna hukuncin al'ada ne: Allah ke halittar ƙunar a lokacin da wuta ta taɓa abu. Jan ƙarfe da maganaɗisu ke yi ma haka yake, sababi ne da Allah Ya gudanar. Saninsa ilimi ne, ba tsafi ba.

Fiƙihu ya amsa ɗaya rabin. Malamai sun bambanta mai aikatawa kai tsaye da mai jawo sababi. Wanda ya haƙa rami a kan hanya, akuyar wani ta faɗa, shi zai biya, ko da yana gida yana barci. Ba a tuhumar rami, domin ba shi da niyya. Teburin ma ba shi da ita. Saboda haka motsin Zurmi aikin mutumin Shinkafi ne. Idan kuwa na'urar ta kai ɗan darar gurbin da ba a nufa ba, sai a tambayi wanda ya tsara ta.

Nisan hannu da abin da ya motsa ba ya sauke nauyi. Duk wanda ya nufi aiki, ya kuma ɗaura sababinsa, ladan ko alhakin yana wuyansa.